Bangon da Ba a Kankare Ba

Mai Fenti ya ci amanar amininsa, kuma abin da ya yi ba shi da wani suna sai cin amana. Ba yunwa ce ta sa shi ba, ba kuma korarsa aka yi daga inda yake ba. Yana da ɗakinsa, rufinsa ba ya yoyo. Haɗama ce kawai. Mutum ya damƙa maka makullin gidan da yake fatan saka mahaifiyarsa da matarsa mai tsohon ciki, ya ce je ka duba min, kai kuma ka je ka duba wa kanka.

Aminin nasa kafinta ne. Shagunansu suna jere, bango ɗaya ya raba su, waya ɗaya ke kawo musu wuta. Kafinta yana zaune a gidan haya a bakin titi, da shi da matarsa da 'ya'yansu mata biyu da Inna, mahaifiyarsa, wadda ciwon gwiwa ya hana ta tafiya mai nisa. Wata safiya ma'aikata suka zo suka shafa jar alama a bangon gidan da na maƙwabta. Za a faɗaɗa titi. Mai gidan ya ce shi ma ba shi da ta cewa, katafila za ta zo kafin damina ta kankama, kowa ya nemi inda zai sa kansa.

Tun daga ranar Kafinta bai sake zama ba. Sai ya ɗora zarto a kan katako, waya ta yi ƙara, ya bar zarton a maƙale ya haye bayan babur ɗin wani dillalin gidaje. Sun ga gidan da babu ruwa. Sun ga wanda banɗakinsa ɗaya ne na mutanen gida duka, ana layi da buta tun da safe. Sun ga na bene mai kyau, amma ina gwiwar da Inna za ta hau da ita? Wani mai gida ma da ya ji sana'arsa sai ya ce ba ya son ƙarar guduma.

“A shago nake aiki, ranka ya daɗe, ba a gida ba.”

“Haka duk kuke cewa.”

Dillalin kuwa bakinsa ba ya mutuwa. Kowane kango ya buɗe sai ya ce, “Maigida, shigo ka ga fada.”

“Fadar ɓeraye?”

“To su ma ai maƙwabta ne, kuma ba sa aron gishiri.”

Kafinta ba ya dariya. Yakan dawo gida da ƙura har gira, ya tsaya ya dubi jar alamar kamar za ta goge don an harare ta, ya shiga, ya kasa zama, ya sake fitowa. Abinci a tsaye yake ci. Matarsa ta daina tambayarsa yadda aka yi, fuskarsa take dubawa ta ci gaba da ɗaure kaya a buhu.

“Zauna ka ci kamar mutum,” in ji Inna. “Gidanka yana nan. Mai shi ne bai tashi ba tukuna.”

“Inna, katafila ba ta san wannan ba.”

“Wanda ya halicci mai tuƙa ta ya sani. Zauna.”

Ya zauna ya jawo kwanon.

Ana cikin haka dillali ya kai shi wani gida a ƙarshen wani layi mai gangara. Ɗaki uku, famfo a tsakar gida, babu matakala ko ɗaya, kuma an shafe shi da sabon shuɗin fenti ciki da waje, har yana ƙamshi. Kafinta ya buɗe famfon ya ga ruwa, ya rufe, ya sake buɗewa. Dillali ya ce ya riƙe makullin zuwa gobe ya nuna wa iyali, amma kada ya wuce goben, masu so suna da yawa.

Matar Kafinta ce ta yi magana da ta ga gidan. “Baban yara, ni sabon fentin nan ne bai kwanta min ba. Wa ke yi wa ɗan haya kwalliya haka kawai? Ga abokinka nan, aikinsa ne. Ya je ya duba mana.”

Ta yi gaskiya, aikinsa ne. Mai Fenti ba ya rabuwa da wata ƙusa a aljihun gaban rigarsa, kuma babu wanda bai ji labarinta ba a layin shagunan. In ya shiga gida sai ya durƙusa ya kankare bango kusa da ƙasa. In farar ƙura ta zubo, bango lafiya lau. In simintin ya ɓarɓashe da laushi yana warin danshi, to ruwa yana kwana a gidan. Yakan ce, “Ni na san abin da fenti ke ɓoyewa, tunda ni ake kira in ɓoye.” Yana faɗa yana dariya, ba ya jin kunya, don ya sha shafe tabon ruwa wa masu gidaje ana gobe za a kawo ɗan haya.

Kafinta yana da ƙofa da ya yi alkawarin kafawa a ranar, sai ya miƙa masa makullin.

“Mutumina, idonka nake aro.”

“Haba, har sai ka roƙa? Inna ai uwata ce.”

Mai Fenti ya je. Ya tsaya a tsakar gidan ya ga famfo, ya ga ɗakuna uku, ya tuna nasa guda ɗaya da gwangwanayen fenti a ƙarƙashin gado. Ya sa hannu a aljihun gaba, yatsansa ya taɓa ƙusar, amma waya ya zaro. Ya kira dillalin, ya ce abokinsa ya fasa, shi yana so, kuma yau ɗin nan za a gama magana da mai gida. Gaggawar kada a riga shi ta sa ko durƙusawa bai yi ba. Ya kulle ƙofa ya fita da sauri.

Da yamma ya shiga shagon Kafinta yana girgiza kai.

“Allah ya rufa maka asiri. Na kankare. Gidan nan ruwa yake sha, ba kaɗan ba. Har nan.” Ya kafa hannu a ƙirjinsa. “Ka saka Inna a ciki, sai dai ka sayi kwalekwale.”

Ƙirƙira ya yi. A ransa bangon nan garau yake. Kafinta ya dafe kai, sannan ya riƙe hannun Mai Fenti da hannu biyu ya ce, “Allah ya bar zumunci.” Mai Fenti ya ce amin, ya ce ma ya bari shi zai mayar wa dillali makullin, kada ya sha wahala.

Ba a daɗe ba magana ta fito, a kan babur, daga bakin dillali.

“Ni fa har yanzu ina mamakinka, Maigida. Ka bar wa abokinka gida kamar wancan kana bina muna leƙa akurki.”

“Wane abokin?”

“Au. Ba ka sani ba?”

Kafinta ya ce a sauke shi. A ƙafa ya dawo shago, ya ɗauki guduma bai san ya ɗauka ba, ya tsaya a ƙofar maƙwabcinsa. Mai Fenti yana dama fenti a bokiti, bai ɗago ba.

“Ka ce min ruwa har ƙirji.”

“Na ce.”

“Shi ne ka kwashi iyalinka ka shiga?”

“To ni na iya iyo.”

Masu shagunan kusa da suka taru wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati. Wani mai walda ya matso ya riƙe hannun Kafinta. Kafinta ya dubi gudumar, ya dubi mutumin da suka yi shekaru suna shan shayi a kofi ɗaya, ya juya ya koma shagonsa. Ranar duk katakon da ya yanka a karkace ya fito.

Katafila ta zo kamar yadda aka ce. Ba su sami gida ba. Suka kwashe kaya zuwa ɗan ɗakin ajiya da ke bayan shagon, aka jingine katakai gefe, aka rataya zane a tsakiya. Garin katako yana shiga abinci, yana shiga gashin yara. Matarsa tana tari tana riƙe ciki, ƙafafunta sun kumbura. Inna tana sallah a zaune a kan wani benci da mai shi bai zo karɓa ba. Ta bayan bango kuma suna jin Mai Fenti yana fito, yana ba wa wani labarin famfo a tsakar gida.

Kafinta ya rame. Yana fita neman gida da safe, ya dawo, ya sake fita, har masu ba shi aiki suka fara komawa wajen wani. Wata rana bayan la'asar ya shigo ya jefar da hularsa.

“Na yi addu'a har bakina ya bushe, Inna. Macuci yana ɗaki uku, ni matata za ta haihu a kan garin katako. Na ce ya Allah kafin katafila, shiru. Na ce kafin ruwan farko, ga hadari can.”

Inna ta ajiye carbi. “Kai roƙonsa kake yi, ko wa'adi kake ba shi?”

Ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ita kuma ta ci gaba.

“Jar alama aka shafa maka a bango, kai kuma ka ɗauka kana shafa wa Ubangijinka. Nema dai ka nema, ban hana ka ba. Amma ka bar yi masa ƙidayar kwana. Kuma ka koma kan aikinka, mutane suna jiran ƙofofinsu.”

Matarsa daga bayan zane ta ce, “Gaya masa dai, Inna. Ni ban ce ya kashe kansa ba. Miji nake so, ba takalmi mai yawo ba.”

Ruwan farko ya sauka washegari, ba mai yawa ba. Da ya ɗauke, wata tsohuwar nas da Kafinta ya taɓa yi wa ƙofa ta kira shi, ta ce ƙofar ta sha danshi ta kumbura, ta ƙi rufuwa. A daidai lokacin dillali yana jiransa a bakin titi da wata sabuwar fadar. Kafinta ya tsaya da waya a hannu, ya taka zuwa titi, ya dawo, ya sake takawa. Ya ga Inna tana kallonsa. Ya ɗauki jakar kayan aiki.

Gidan tsohuwar yana kan tudu, tsoho ne, ɗaki biyu da falo, fentinsa ya koɗe tun tuni, daɓen ya tsage a wuri biyu. Yana goge gefen ƙofar ya lura da akwatuna a ɗaure a falo.

“Mama, tafiya za a yi?”

“Ɗana ya ci ƙarfina. Shekara da shekaru yana cewa in koma wajensa ina ƙi. Satin da ya wuce na faɗi a banɗaki, na kwanta ina kiran maƙwabta. To na sallama.” Ta yi tsaki. “Gidan ne damuwata. Ba na son dillalai, su kawo min wanda zai ɓalla ƙofofi ya yi girki da su. Kai ba ka san wani mai iyali ba, mai hankali?”

Kafinta ya ajiye abin da ke hannunsa. Sai ya zaro ƙusa daga jaka, ya durƙusa ya kankari bango kusa da ƙasa. Farar ƙura ta zubo, busasshiya.

“Kai! Gyara na kira ka ko ɓarna?”

“Yi haƙuri, Mama. Ni ne mai iyalin. Hankalin ne ban tabbata ba.”

Ta sa ya ba ta labari tun daga jar alama. Da ya gama ta ce, “Da ka zo min wata guda da ya wuce, da na kore ka da tsintsiya. Je ka kawo uwar taka in gan ta.”

Suka tare a cikin satin. Inna ta shiga da ƙafarta babu mai riƙe ta, ta zauna a falo ta ce a ba ta ruwa. Ba ta ce na gaya maka ba. A wannan gidan ne matar Kafinta ta haihu, namiji.

Babban ruwa ya zo a tsakiyar damina, da rana tsaka. Duk ruwan unguwar can ya bi layin mai gangara ya tsaya a gidan ƙarshe, kamar yadda ashe yake yi kowace shekara. Ya shiga gidan Mai Fenti har ƙirji, daidai inda ya kafa hannu. Shuɗin fentin ya saɓule, tsohon tabon ruwa ya fito a jikin bango kowa ya gani. Matarsa da ɗansa ta kan katanga maƙwabta suka fitar da su. Shi da igiya aka jawo shi, don bai iya iyo ba. Katifa da kayan ɗaki da fentin mutane da ya ajiye duk sun tafi. Mai gidan ya ce ba ruwansa, mai fenti ne ya duba gida da idonsa ya ce yana so. Matar Mai Fenti da ta ji yadda aka sami gidan ta tafi gidan iyayenta ba ta dawo ba. Babu wanda ya sake ba shi makullin gidansa a garin. Yanzu a shago yake kwana, a kan kwali, tsakanin gwangwanaye.