Kujerar da Istifanus Ya Kai Gida Gyara

"Ka ce musu awo, ka yarda kawai, Malam Istifanus," in ji Na'Allah, yana durƙushe a bakin gadon. "Awo ba ta da nauyi, ko marar lahiya na iya hwaɗinta."

Istifanus ya juya kai a kan matashi. Wata uku ke nan ciwon ƙirji ya kwantar da shi, shi da ya shekara ashirin da takwas yana riƙe da makullan sito a wata ma'aikatar gwamnati. Ga Malami, jami'in da ma'aikatar ta aiko, zaune da takarda a hannu. A waje kuwa sabuwar motar Fijo da jami'in ya zo da ita ta kafe cikin taɓon layinsu na Gidan Dare.

Taɓon nan shi ne ciwon Na'Allah. Tela ne, shagonsa na jikin gidan Istifanus, kowace damina sai ya ɗora keken ɗinkinsa bisa bulo. Yanzu ga Gwamnan soja zai ba maƙwabcinsa lambar yabo, a sa wa layin sunansa, kuma kowa ya san ba a kawo Gwamna layin da ba kwalta.

Malami ya ci gaba da karanta yabon: "Wanda bai taɓa ɗaukar ko allurar gwamnati ba, a zamanin da siminti ke fita sito da ƙafarsa."

"Tsaya nan, ɗana," in ji Istifanus. "Tashi ka juya abin da kake zaune a kai."

Malami ya tashi ya kifa kujerar. Ga hatimin ma'aikata a ƙarƙashinta, raɗau.

"Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ƙafarta ta karye, na kawo ta gida in gyara. Na gyara, sai na zauna in gwada. Har yau ina gwadawa."

Matarsa Rifkatu, da ke bakin ƙofa da kwanon kunu, ta ce, "Ai ta ƙi gwaduwa ne. Ko Fasto ya zo a tabarma yake zama."

"Baba, wannan ai ba komai ba ne," in ji Malami. "Akwai waɗanda suka kai tirela gida gyara."

"Su za su amsa tambayar tirela. Ni in je gaban Ubangiji Yesu da lamba a ƙirji, ya tambaye ni kujera, in ce masa me?"

Na'Allah ya miƙe. "To a gyara takardar mana! A rubuta bai taɓa ɗaukar komi ba sai kujera guda. Mi ar wuya nan?"

"Gwamna ba zai karanta wannan a gaban 'yan rediyo ba," in ji Malami.

"A yi musu kwaltar, a bar sunana," in ji Istifanus.

Malami ya ninke takardarsa. "Baba, ai kwalta sunan take bi."

Na'Allah ya taya tura Fijo, ta watsa masa taɓo har wuya. Kwana biyu bai leƙa gidan ba, yana taka keke kamar da shi suka yi faɗa. A rana ta uku Rifkatu ta kira shi.

Istifanus ya ƙara ramewa. Ya kama hannun Na'Allah. "Ka yafe mini kwaltarka, maƙwabci."

"Kai dai ka cika taurin kai. Na yahe."

"To ka kai musu kujerarsu."

Ranar Alhamis da la'asar Istifanus ya cika. Na'Allah ne ya ɗinka farin yadin da aka shimfiɗa cikin akwatin gawar.

Bayan an share makoki ya ɗora kujerar a ka, ya taka har ma'aikata. Sabon mai sito ya dube ta ya yi dariya.

"Malam, an daina irin waɗannan. Yanzu masu katifa muke da su, daga Italiya. Ina zan sa ta?"

"Ni dai an ba ni saƙo, na kawo. Gwamnati ta san yadda za ta yi da abinta."

Ya ajiye ta a inuwar dogon yaro, daga cikin ƙofa. Kafin ya kai titi ya waiwaya, sai ya ga tsohon maigadi ya zauna, yana ɗan jijjiga ta, yana gwadawa.

Hadari na haɗuwa daga gabas lokacin da ya iso bakin layinsu. Ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga taɓon a hankali.