Farcen Baba da Dashen Bana

Da na dawo daga jami'a, abin da na fara lura da shi a jikin mahaifina, Malam Arzika, shi ne farcen ƙafarsa. Ya yi kauri, ya koma rawaya, yana marmashewa ta gefe. Shekara talatin ke nan yana noman shinkafa cikin ruwan fadamar Zauro. Sai na sayo masa dogon takalmin roba, ina ganin na yi abin da ya kamaci mai ilimi.

Ya riƙa sa shi tun safe har la'asar. Ruwa yakan shiga ta sama ya kwanta a ciki, bai kuwa taɓa faɗa mini ba. Bayan mako uku babban yatsan ya kumbura har takawa ta gagara, ga shi irin da muka yafa ya isa dashe, in ya ƙara kwana goma zai tsufa.

A asibiti, cikin Birnin Kebbi, ma'aikaciyar jinya mai suna Sauda ta daɗe tana duban yatsan.

"Baba, wa ya ce ka jiƙa ƙafa kamar gero, ka kuma rufe ta?"

"Ɗana ya sayo takalmin, ɗiyata. In na aje, a ce na raina karatunsa?"

Ban iya ɗaga kai ba.

Ta ce sai kumburin ya saɓe kafin ya sake taka ruwa. Farcen kuwa sai an sha magani na watanni, ana rage shi, ana tsane tsakanin yatsu bayan kowace alwala, kuma kada kowa ya yi amfani da abin yankansa.

"To, shinkafar fa?" in ji Baba. "Ita ma kin rubuta mata hutu?"

Washegari na naɗe wando na shiga fadamar. Taɓo ya riƙe ni har ƙwauri, bayana ya ƙage tun kafin hantsi. Baba na zaune a kan gaɓa, ya miƙe ƙafar tana shan iska.

"Abdussamadu, uku-uku ake dasawa! Wannan layi ne ko sawun maciji?"

Na dasa abin da bai kai rabin aikinsa na yini ba. Da na fito, ya miƙo mini tsumma ba tare da ya dube ni ba.

"Tsane ƙafarka da kyau. Saura kwana tara."