Wutar Buntu

Wutar da Salomi take hurawa ba ta da hayaƙi, ba ta da zafi. A fuskar kwamfuta take ci, ja a tsakiya, rawaya a gefe. Salomi malama ce a jami'ar Aliero, 'yar kudancin Kaduna, aiki ya kawo ta, ta kama hayar ɗaki a Jega. Wani kamfanin casar shinkafa ne ya ba ta aikin. Babbar tukunyar tururinsu baƙin mai take sha, ga buntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan katanga, amma duk sanda aka zuba mata shi sai toka ta dunƙule, wuta ta shaƙe. Shi ne Salomi ta gina tukunyar a cikin kwamfuta, tana ƙara iska nan, tana rage ta can, tana neman inda buntu zai ci ƙurmus.

Buntun nan kuwa yana da masu shi. A unguwar, abin da kamfani ya zubar na wanda ya kwasa ne, kuma mata ke kwasa. Cikinsu har da Iyatu, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba su da Salomi, mai tuyar masa a murhun buntu.

Duk faɗin Jega, gidan Iyatu ne kaɗai Salomi ke shiga ta zauna kan turmi ba tare da an ce mata zauna ba. A wurin aiki ana gaishe ta, a coci ana gaishe ta, amma gaisuwa ce ta wucewa. Iyatu kuwa faɗa take mata: ta rame, ba ta cin abinci, wace irin mace ce za ta wuni tana kallon akwati kamar mai jiran gawa? Salomi tana son faɗan nan fiye da yadda za ta iya faɗi. Shi ya sa ba ta taɓa gaya wa tsohuwar abin da ke cikin akwatin ba.

Wata ranar Talata da hantsi, wuta ta kama. Jan ya bazu ko'ina daidai, toka ta riƙa saukowa gari-gari. Salomi ta miƙe tsaye a ofis ita kaɗai don murna, ta ɗauki waya. Sai ta tarar mutum ɗaya ce a duniya take son ta yi wa albishir, kuma ita ce wadda bai kamata ta ji ba. Ta ajiye wayar.

Ta yi ta jan ƙafa, yau gyara, gobe dubawa, har Mukhtar, manajan kamfanin, ya gaji ya biyo ta Aliero da kansa. Ta ba shi sakamakon, ta roƙe shi ya riƙa rage wa mata buntun ko kaɗan ne. Ya yi murmushi, ba na mugunta ba, ya ce ai lissafinta ne ya nuna tukunyar za ta cinye duka, har sai sun sayo ƙari daga Maiyama.

Aka gyara tukunya, aka rufe ƙofar baya inda mata ke kwasar buntu. Iyatu ta gwada itace, cinikin masa ya ƙi fitar da ita. Kafin damina ta faɗi, ɗanta Kalilu ya zo ya kwashe ta zuwa ƙauyen Sarandosa, ta wajen Maiyama, inda kara ke yashe a gona. Ranar Salomi tana aji. Da ta dawo, kwaɗo ta tarar a ƙofar Iyatu.

Kaɗaici ya ci ta, har ta koma cin abinci a tsaye. Wata Asabar ta kasa daurewa, ta shiga mota zuwa Maiyama, ta hau kabu-kabu har ƙauyen.

Iyatu ta yi mata sannu da zuwa. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwa, aka kawo fura a ƙwarya mai faifai, matar Kalilu ta durƙusa ta gaishe ta. Iyatu ta tambayi aiki, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ɗaya bayan ɗaya. Salomi ta yi ta jira a ce mata ta rame. Ba a ce ba.

"Inna, akwai maganar da ban gaya miki ba," in ji ta daga ƙarshe.

"Ta buntu? Maigadin kamfani ya hwaɗa muna tun ran da anka rufe ƙofa." Iyatu ta gyara faifan. "Aikinki ne, Malama. Allah shi ƙara ilimi."

Babu ɗaci a muryarta, abin da ya fi yi wa Salomi ciwo ke nan.

Da la'asar tsohuwar ta yafa mayafi ta yi mata rakiya har bakin hanya, yadda ake yi wa baƙon kirki. Mai kabu-kabu ya tayar da mashin.

"To, ki gaida mutanen gida," in ji Iyatu.

"Za su ji," Salomi ta amsa, ta hau.