Ganyen Ayaba a Aikin Indo

Ranar Litinin ƙanwata Indo ta dawo daga makaranta ba ta ko cire hijabi ba, ta ce Malam Badamasi, malaminsu na Hausa, yana son ganin wani babba daga gidanmu. Dada, kakarmu, ƙafa ta hana ta fita. Saura ni.

Na san dalilin. An ba su aiki su rubuta sana'ar gidansu, da makinsa za a zaɓi masu wucewa aji na gaba. Indo ta yi ta kuka wai ba ta iya farawa ba. Ni da na tsaya a firamare, sai na ɗauki wayata na nemo yadda ake daddawa, sana'ar gidanmu, na karanta mata tana kwafa. Gani na yi bayanin waya ya fi namu tsari.

Daga garinmu Yargoje na tako har ƙofar ofishin Malam.

Malam ya jera takardu huɗu a tebur.

"Suwaibatu, a gidanku akwai ayaba?"

"Babu, Malam."

"To ga yara huɗu, dukansu sun rubuta da ganyen ayaba ake rufe kalwa. Shekara nawa iyalina na sayen daddawar Dada, ban taɓa ganin ko ɓawon ayaba a gidan nan ba. Ko kun dasa ba ku faɗa mani ba?"

Indo ta sunkuyar da kai. Ya ce doka ita ce wanda ya kwafa ba shi da maki, kuma sai ya maimaita aji.

Na ce, "Malam, ni na nemo mata. Laifina ne."

Ya dube ni. Sannan ya zaro farar takarda ya miƙa wa Indo.

"Zauna nan ki rubuta yadda Dada ke yi. Abin da idonki ya gani kawai. Ke kuma ki jira a waje."

Na zauna a baranda. Sai a lokacin na tuna ba mu taɓa barin Indo ta zauna gaban tukunyar kalwa ba, kullum cewa muke ta je ta yi karatu.

Ta taga na hango ta rubuta layi biyu ta tsaya. Ta ɗago tana nemana. Malam ya tashi ya turo tagar.