Sunan Rayzel

Perla na murza ƙullin burodin Asabar, ranar hutun Yahudawa, sa'ad da surukinta Zalman ya shigo kicin, kafaɗunsa jiƙe da yayyafin birnin Antwerp. 'Yarta Gitel ta sauka shekaranjiya, an sami mace. Gobe za a kira shi gaban Attaura a majami'ar Yahudawa ya faɗi sunan jaririyar.

"Mama, Gitel ce ta aiko ni."

"Ita ba ta da baki? Har zagin likita ta yi tana naƙuda."

Ya yi 'yar dariya, ya kama maɓallin rigarsa yana murzawa.

"So take a sa wa yarinyar Rayzel."

Hannun Perla bai tsaya ba. A al'adarsu ba a ba jariri sunan mai rai, sai na wanda ya rasu. Rayzel kuwa ƙanwarta ce. A bakin jirgin ƙasa aka raba su lokacin yaƙin duniya, wani soja ya nuna wa ɗaya dama, ɗaya hagu. Iyayensu an sami masu shaidar mutuwarsu, tuni aka mayar da sunayensu. Rayzel babu wanda ya ga gawarta, babu kuma wanda ya sake ganinta tana tafiya. Shi ya sa har yau Perla ba ta taɓa kunna mata kyandir ɗin matattu, na cikin gilashin nan da ake kunnawa don tuna mamaci, ba.

"Sunaye sun ƙare ne? Ku sa na gwaggonka mai gemun nan."

"Gwaggo Fruma na nan da ranta, Mama. Jiya ma rabin kaza ta cinye mana."

"To ku jira ta."

Zalman ya sunkuyar da kai.

"Gitel ta ce in kin ƙi, shi ke nan. Amma ban da ke babu wanda ya san fuskar Rayzel. Ran da ba ki, ko sunan ba zai saura a bakin kowa ba."

Perla ta laluba cikin ƙirjinta ko za ta sami fushi, ko kuka. Ba ta taras da komai ba, kamar mai taɓa ƙafar da ta daɗe a lanƙwashe. Ta raba ƙullin gida uku, ta fara kitsa shi. Haka take kitsa gashin Rayzel ranar Juma'a suna yara, yarinyar na zille kai tana cewa ana ja mata. Ta jira wannan ma ya yi mata ciwo. Bai yi ba.

Ta matse bakin kitson, ta ɗora burodin a faranti.

"Taurin kai ne da Rayzel," ta ce. "Kada ku zo kuna min ƙorafi nan gaba."

"Kin yarda ke nan?"

"Kurma ne kai? Tafi ka gaya mata."

Har ya kai bakin ƙofa ta kira shi, ba ta ɗago ba.

"Ka biya shagon Hersh ka sayo min kyandir. Na cikin gilashi, mai kwana yana ci."

Ya fita. Perla ta fasa ƙwai, ta shiga shafa wa burodin.