Murhun da Tordis ta jera

Tun da matarsa Tordis ta rasu a watan Janairu, Asgeir bai ƙara hawa dutsen ba. Shekara talatin da biyu suna kai baƙi yawon buɗe ido tare, ita a gaba tana zuba surutu, shi a baya da jakar burodi da cuku. Da ƙanƙara ta soma narkewa mutane suka fara kiran waya, sai ya riƙa cewa to, kamar yadda yake ce wa komai yanzu. Ba baƙin ciki yake ji ba, babu abin da yake ji ne kawai. Abinci ma sai ya ga faranti wayam sannan ya san ya ci.

Baƙinsa na farko mata da miji ne daga birnin Bergen, Oddny da Jostein, malaman makaranta da suka ajiye aiki. Sun kwana biyu a jajayen ɗakunan masunta na bakin teku, sun ɗauki hoton ruwan da ke zubowa daga kan dutse har wayarsu ta cika. Abin da ya rage shi ne bukkar katako ta can sama. Jostein kuwa irin mutanen nan ne da ke karanta hanya a littafi su ga sun fi mai hanya saninta. Da suka iso bakin rafi, Asgeir ya ce a zagaya ta gada, shi ya ce ga duwatsu nan a jere, wahalar me za a sha. Dutse na uku ya juye da shi, ya faɗa ruwan ƙanƙara har ƙirji.

Da ƙyar suka kai shi bukkar wajen la'asar. Leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙora na kaɗawa, surutun duk ya ƙare.

A bukkokin nan ba a barin murhu babu itace. Wanda zai fita ƙarshe shi ke jerawa saboda na baya, wanda ƙila zai iso yatsunsa ba sa lanƙwasuwa. Asgeir ya durƙusa ya buɗe ƙofar murhun ƙarfen, sai ya tsaya cak. Ɓawon itace ne a nannaɗe kamar tabarma, ƙirare a giciye a kansa, ga kwalin ashana a gefe da tsinke uku sun leƙo waje don hannun da ya sandare ya iya kamawa. Babu wanda ya hau nan tun Oktoba. Hannun Tordis ne, yana nan yadda ta bar shi.

"Malam, me kake kallo? Kunna mana," in ji Oddny, tana cire wa mijinta jiƙaƙƙiyar riga.

Ya ce bari ya ɗebo wani itacen a rumfa. Ya fita, ya tarar iska ta ɓalle ƙofar rumfar tun lokacin sanyi, itacen duk ya sha ruwa. Ya dawo ya sake durƙusawa, yana tunanin ko zai iya ɗauke jeren ɗungurungum ya ajiye a gefe. Ya san ba zai ɗauku ba.

"Bawan Allah, mutum zai mutu a gabanka kana kallon itace?"

"Matata ce ta jera," ya ce. "Ta rasu."

Oddny ta dubi mijinta da ke makyarkyata cikin bargo, ta dubi murhun.

"Ayya," ta ce a hankali. "To ai don irin wannan sakaran nawa ta jera shi."

Asgeir ya zare tsinke ɗaya ya ƙyasta. Ɓawon ya kama nan take, ƙiraren suka bi. Bai rufe ƙofar murhun ba, ya zauna a ƙasa yana kallo har jeren ya rushe. Kafin ruwan kofi ya tafasa jini ya dawo fuskar Jostein, har ya soma bayanin cewa dutsen ne ba a dasa shi daidai ba. Matarsa ta ce ya rufa wa kansa asiri ya sha kofinsa.

Da safe baƙin suka fita suna jiransa a waje. Asgeir ya kwashe toka, ya ɗauko itacen da ya shanya a bayan murhu, ya durƙusa zai jera wa na baya. Ya nannaɗe ɓawon, ya warware. Ya sake nannaɗewa, ya sake warwarewa. Sai a lokacin ya gane bai taɓa tsayawa ya kalli yadda take yi ba, ko sau ɗaya.