Minti Goma a Farar Mota

Kwat ɗin da aka miƙo wa Mashud tana ɗauke da ɗumin jikin wanda ya cire ta yanzu-yanzu. Ya saka, ya zauna a kujerar direba, ya ɗora hannu kan sitiyarin farar motar da bai san ta inda ake kunna ta ba. A bayan wani kanti a unguwar Stratford aka faka ta. Mutum huɗu na jingine da bango suna jiran layi, ko hular masallaci ba su cire ba.

"Saki fuska, malam," in ji Alhaji Rufa'i yana gyara waya. "Wa zai bar gida ya biyo mai fuskar zaman makoki?"

Alhaji Rufa'i ne ejan da ya kawo su duka da bizar aikin kula da tsofaffi. Wata tara ke nan Mashud yana Landan, gidan tsofaffin da ke rubuce a takardarsa ko ƙofarsa bai gani ba. Su shida ke kwana a ɗaki guda a unguwar Edmonton. Duk Juma'a sai a ɗauko motar haya, a shigar da su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi murmushi ya gode wa Allah, a tura bidiyon gida, zangon Kumasi da na Tachiman, don jawo wasu. Manyan zango sun sani, amma ba mai tankawa. Shi kuwa Alhaji har alfahari yake yi, wai wurin Turawa ya koya. Sama da shekara ɗari da suka wuce, in ji shi, mota suke cikawa da dammunan alkama su zaga ƙauyukan Ingila, suna kiran talakawa su tafi Kanada a ba su gona.

"Su alkama suka nuna," yakan ce, "ni kuma ku nake nunawa."

Ya leƙo ta taga. "Yau ba bidiyo ba ne, kira ne. Ƙanwarka Awawu ta ce ba za a sayar da gonar doyarku a biya mata kuɗin tahowa ba sai ta gan ka da idonta."

Gonar nan ita kaɗai babansu ya bari, ita ke ciyar da mahaifiyarsu.

"Alhaji, don girman Allah, ban da ita. Ka nemi wata."

"To. Saƙo ɗaya zan tura a yi cancel ɗin bizarka. Kwana sittin, ka koma Tachiman da jakar leda. Zaɓi naka ne."

* * *

Fuskar Awawu ta cika wayar, tana dariya, mahaifiyarsu Mma na leƙowa ta bayan kafaɗarta.

"Yaya Mashud! Kai da ko keke sai ka faɗa kwata, yau kai ne a mota?"

"Ni ne."

"Ƙarya! Kunna mu ji."

Ya dubi tarin maɓallan da ke gabansa. A ransa ya ce shi ke nan, bari ya zauna haka kamar dutse, ta gane da kanta ba sai ya buɗe baki ba. Ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Sai Alhaji, daga inda kyamara ba ta kai, ya zura sandarsa ya danne birki, ya miƙa yatsa ya taɓa wani maɓalli. Injin ya tashi. Mma ta rangaɗa guɗa.

Awawu ta daina dariya. Ta matso da fuskarta.

"Yaya, ka rame fa. Tsakaninka da Allah, akwai aikin? In ka ce in zauna, zan zauna."

Mashud ya ɗaga ido. Alhaji na kallonsa. Mashud ya tuna ranar da aka raka shi tasha da kiɗa, ya hango kansa yana saukowa a tashar nan hannu wofi, 'yan unguwa na nuna shi da baki.

"Sanyi ne ke ramar da mutum," ya ce. "Akwai aiki. Ki taho."

* * *

Yana tsaye a tashar bas, yayyafi na jiƙa masa wuya, wayarsa ta yi motsi. Hoto ne daga Awawu. Babban yatsan Mma ne, ta ɗaga shi sama, tawadar dangwala takardar sayar da gona ta rine shi shuɗi har ƙarƙashin farce.

Bas ta tsaya, ta buɗe ƙofa, ta jira shi kaɗan, ta rufe ta wuce.